Hattara Iyaye: Wayar Da Kuka Miƙa Wa Yaro Ba Malama Ba Ce

Wata ɓarna ta shigo gidajenmu sanye da rigar ilimi, kuma albarkacin rigar nan kowa ya wangale mata ƙofa. Yaro ɗan shekara ɗaya da rabi, ko yaye shi ba a yi ba, an ɗora masa waya a cinya yana dangwalawa. Ka je gidan suna za ka gani. Ka bi layin awo a asibiti za ka gani. Ka shiga motar haya daga Kano zuwa Kaduna, tun daga tasha har a sauka idon yaron bai bar gilashin waya ba. In ka yi magana, amsar ɗaya ce a bakin uwa da uba: "Ai ba wasan banza ba ne, na karatu ne. ABC yake koya." Da wannan amsa ake rufe bakin mai magana, da ita kuma iyayen suke kwantar wa kansu da hankali.

A da abin na gidajen ma'aikata ne da 'yan kasuwa masu hali. Yanzu ya game gari. Wayar Android ta shiga hannun kowa, masu tura fina-finai a bakin kasuwa suna cika maka ita da wasannin yara a kan kuɗi kaɗan, ko maƙwabciya ta tura wa maƙwabciya ba tare da an ƙona data ba. A Najeriya wasannin da Turancin Ingilishi suke magana, a Maraɗi da Damagaram da Yamai da Faransanci. Gargaɗina a kan yara ƙanana ne, daga goyo zuwa shekara biyar, domin su ne aka fi cuta, kuma su ne ba su da bakin ƙorafi.

Duk mai shakka ya zauna kusa da yaron ya dubi abin da yatsansa yake yi. Ga balan-balan masu launi suna tashi sama, kowacce da harafi a jikinta. Wata murya ta ce a taɓa A. Yaron ya dangwali ta farko, ba ita ba. Ya dangwali ta biyu, ba ita ba. Ta uku ta fashe, taurari suka watsu, aka yi tafi da kiɗa. Uwa tana jiyo tafin daga madafa, ta yi murmushi ta ce ɗanta ya ci. Alhali abin da ya gane shi ne in ya yi ta dangwale-dangwale wani abu zai fashe a yi masa kiɗa. Ɗauki alli ka rubuta A a jikin bango ka tambaye shi, sau da yawa sai ya tsaya yana kallonka. Wanda ma ya haddace waƙar haruffan daga farko zuwa ƙarshe, haddar sauti ce kawai, bai san cewa waɗannan zane-zane suna haɗuwa su ba da kalma ba.

Masana ƙwaƙwalwar yara sun daɗe da gano yadda hankali yake ginuwa. Cibiyar nazarin ci gaban yara ta Jami'ar Harvard ta bayyana cewa a shekarun farko na rayuwa, ƙwaƙwalwar jariri tana ƙulla sababbin hanyoyin sadarwa fiye da miliyan ɗaya a kowace daƙiƙa. Abin da yake ƙarfafa waɗannan hanyoyi shi ne musayar da ke tsakanin yaro da babba: ya yi gwaranci a amsa masa, ya nuna kaza da yatsa a ce masa "kaza ce, ga 'yan tsakinta", ya ɓata fuska a lura, ya yi dariya a taya shi. Babba yana karanta fuskar yaron, yana sauya murya, yana dakatawa ya ba shi fili ya mayar da martani. Manhaja ba ta ganin fuskar kowa. Ko yaron ya gane ko bai gane ba, ko yana jin yunwa ko barci yake ji, abin da aka tsara mata shi za ta maimaita.

An gwada wannan a fili. A shekarar 2003, Farfesa Patricia Kuhl da abokan aikinta a Jami'ar Washinton ta Amurka suka ɗauki jarirai 'yan wata tara waɗanda Ingilishi kaɗai ake yi a gidajensu. Wasu aka riƙa kawo su suna zama da mutane masu jin Sinanci, ana yi musu wasa da karatun littafi cikin harshen, har zama goma sha biyu. Wasu kuma aka nuna musu mutanen nan dai, da maganganun nan dai, amma a bidiyo. Da aka zo gwaji, waɗanda suka zauna da mutane ido da ido sun iya bambance sautukan Sinanci da kunnen Ba'amurke ba ya rarrabewa. Waɗanda suka kalli bidiyo kuwa ba su tsinci komai ba, sun tashi daidai da jariran da ba su taɓa jin harshen ba. Darasi ɗaya, malamai ɗaya, tsawon lokaci ɗaya. Abin da aka cire kawai shi ne mutum mai rai a gaban yaron.

Kuma ba yau aka fara sayar wa iyaye wannan mafarki ba. Kafin zuwan wayoyin zamani, faya-fayan bidiyo na jarirai sun yi tashe a Amurka, mafi shahararsu Baby Einstein, wanda a lokacin kamfanin Disney ne ya mallake shi. Iyaye suka yi ta saye da zaton 'ya'yansu za su tashi da kaifin basira. A 2007 wani bincike ya nuna cewa a tsakanin jarirai 'yan wata 8 zuwa 16, waɗanda suka fi kallon irin waɗannan faya-fayai sun fi ƙarancin kalmomin da suke ganewa. A 2009 kamfanin ya buɗe ƙofar mayar wa iyaye kuɗinsu. A 2010 kuma Judy DeLoache ta Jami'ar Virginia ta gwada wani faifan koyar da kalmomi a kan yara 'yan wata 12 zuwa 18 na tsawon wata guda. Yaran da suka kalla ba su fi waɗanda ba su kalla ba. Waɗanda suka fi kowa koyo su ne waɗanda iyayensu suka koya musu kalmomin da bakinsu, ba tare da faifai ba. Akwai wani abu a binciken da ya kamata ya tsaya wa kowannenmu a rai: iyayen da faifan ya burge su ne suka fi zuzuta abin da 'ya'yansu suka koya. Son abin ne ya rufe musu ido. Yau wannan haja ce aka sake ƙullawa aka zuba a waya, sai dai faifai yana ƙarewa a kashe talabijin, waya kuwa tana bin yaro har kan shimfiɗarsa.

Wa ya tantance cewa wasan na karatu ne? Mai sayarwa. A 2015 Kathy Hirsh-Pasek da wasu masana suka yi nuni da cewa manhajojin da aka jera a sashen ilimi na shagon Apple sun kai 80,000, kuma mafi yawansu ba wanda ya gwada ko suna koyar da wani abu. Mutum zai ƙirƙiri wasa, ya zana haruffa da lambobi a jiki, ya rubuta cewa na ilimi ne, shi ke nan ya shiga kasuwa. Maganin tari ma sai hukuma ta duba ta ba shi lamba kafin a ɗura wa yaro, amma abin da zai shiga ƙwaƙwalwarsa awa uku ko huɗu kullum, shaidar mai talla kaɗai muka karɓa.

Sannan mu tambayi kanmu: wanda ya ba ka wasa kyauta, ina yake samun kuɗinsa? A 2018 ƙungiyar Dakta Jenny Radesky, likitar yara a Jami'ar Mishigan, ta bincika manhajoji 135 da aka yi wa yara 'yan shekara biyar zuwa ƙasa. Kashi 95 cikin ɗari suna ɗauke da talla. Na kyauta kuwa dukkansu. Wasu tallace-tallacen sukan katse wasan sai yaro ya gama kallo, wasu an ɓoye su cikin abin da yaro zai ɗauka ɓangaren wasa ne. Har akwai wasan da in yaro ya ƙi sayen abin da aka tallata masa, sai ɗan zanen da ya shaƙu da shi ya fashe da kuka. Ku dubi girman wannan rashin imani: manya masu ilimi sun zauna sun tsara yadda za su yi amfani da tausayin ɗan shekara uku su tatsi aljihun ubansa. Wani binciken da ƙungiyar ta fitar a 2022 ya nuna cewa irin waɗannan dabarun riƙe yaro sun fi yawa a wasannin da 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi suke bugawa. Mu da kusan duk wasannin da ke wayoyinmu na kyauta ne, sai mu san inda muka faɗa.

Hukumomin Amurka sun sha kama kamfanonin da laifi. A 2014 Apple ya amince ya mayar wa iyaye aƙalla dala miliyan 32.5 saboda sayayyar da yara suka yi a cikin wasanni ba da izininsu ba. A 2019 Google da YouTube suka biya dala miliyan 170 kan zargin tattara bayanan yara ba tare da yardar iyaye ba. Can ke nan, inda akwai mai bin kadi. Uban da ke Gusau ko Azare, wa zai kai wa ƙara?

Manyan binciken da suka bi yara shekara da shekaru su ma ba su zo da labari mai daɗi ba. A Kalgari ta ƙasar Kanada an bi yara fiye da 2,400, aka wallafa sakamakon a 2019: waɗanda suka fi yawan kallo suna da shekara biyu da uku, sun fi samun ƙarancin maki a gwajin ci gaban yara da aka yi musu daga baya. A Japan an bi yara fiye da 7,000, aka wallafa a 2023: yawan kallo a shekara ɗaya ya zo tare da jinkirin magana da na warware matsala a shekara biyu da huɗu. Masu binciken sun ce alaƙa suka gani, ba su ce waya kaɗai ce sanadi ba, kuma gaskiyarsu. Amma uban da aka ce masa yaran da suke yawan sha daga wata rijiya suna yawan ciwo, ba zai tsaya jiran a gama gardama ba kafin ya hana ɗansa.

Babbar asarar ma ba a cikin wayar take ba, tana cikin abin da yaron ya rasa a sa'o'in da ya yi a kanta. Yini ɗaya ne, ba ya ƙaruwa. Dubi yarinya 'yar shekara uku zaune kusa da kakarta ana tsintar wake. Tsohuwa ta tura mata ɗan kaɗan a faifai ta ce, "Ware min tsakuwa gefe, masu huji gefe." Yarinyar tana sa yatsu biyu tana ɗauka, irin riƙon da gobe za ta yi wa alƙalami. Tana rarrabe mai kyau da marar kyau. Kaka ta ce, "Nawa kika samu?" Ta ƙirga ta tsallake huɗu, aka ce ta sake. Ta tambayi abin da ya huda waken, aka ba ta labarin ƙwaro da rumbu. Ta ɓarar, aka yi mata faɗa kaɗan, ta kwashe. A rabin awa ta yi lissafi, ta ji sababbin kalmomi, ta yi haƙuri, ta ga sakamakon ganganci, ta kuma ji cewa tana da amfani a gidan. Babu manhajar da ta taɓa haɗa wannan duka, kuma ko sisi ba a biya ba.

Haka tuwon ƙasa da 'yan mata suke dafawa a gwangwani, suna raba wa juna matsayin uwa da 'ya da baƙuwa. Haka motar kara ko ta langa-langa, wadda sai yaro ya auna, ya yanke, ta karye ya sake. Haka carafke da ke haɗa ido da hannu da ƙirga, da langa, da ɓuya, da gaɗa a dandali. Tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi tana sa yaro ya riƙe farkon labari a ransa har a kai ƙarshe, ya zana dajin da kansa tunda ba wanda ya nuna masa hoto. In aka ce masa "shanuna dubu maɗaurinsu ɗaya", sai ya zagaya gidan kaf a tunaninsa kafin ya cafko tsintsiya. Ban ce zamanin da ya fi na yanzu a komai ba, yara da yawa sun tashi a lokacin ba makaranta ba asibiti. Amma wannan gado muna da shi a hannu, ya dace da abin da masana suke cewa ƙwaƙwalwar yaro tana buƙata, mu kuma muna musanya shi da fasa balan-balan.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne batun harshe. Akwai gidajen da ake alfahari cewa yaro yana rera waƙoƙin Cocomelon da lafazin Amurkawa, ya san sunayen launuka da Turanci, amma kakarsa ta ce "zo ka gaishe ni" ya tsaya yana zare ido. Sautukan ɓ da ɗ da ƙ da ts, da hawa da saukar murya da ke bambanta ma'ana a Hausa, da tsawon wasali da gajartarsa, duk kunne ne yake kama su tun ana goye, daga bakin mutane. Yaron da aka bar wa waya yakan tashi Hausar ba ta zauna ba, Turancin kuma guntattakin waƙa ne da ba ya iya haɗa zance da su. Koyon Turanci ko Faransanci ko Larabci abu ne mai kyau, yaro kuma yana iya ɗaukar harsuna biyu ko uku lafiya lau, muddin daga mutanen da suke magana da shi ne. Wanda ya ƙoshi da harshen uwarsa shi ya fi saurin kama na makaranta.

Sai kuma mayar da waya abin rarrashi. Yaro ya fara rigima, a miƙa masa, ya yi tsit. Gobe ma haka. Yaushe zai koyi haɗiye fushi, ko jiran abu, ko zama shiru ba tare da wani abu yana walƙiya a gabansa ba? Wannan koyo sai an sha kuka an rarrasa, an hana an yi bayani. Shi ya sa za ka ga caji ya ƙare, yaro ya faɗi ƙasa yana birgima yana dukan uwarsa. Ranar da aka kai shi aji, malama tana magana a hankali da alli a hannu, ba kiɗa ba taurari, sai a ce ba ya mayar da hankali.

Za a ce ai an ga inda na'ura ta koyar da yara. An gani. A yankin Tanga na Tanzaniya an raba wa yaran ƙauyuka kwamfutocin hannu a wata gasa da aka kammala a 2019, inda manhajojin Kitkit School da onebillion suka yi nasara, yara da dama kuma suka fara karatu da lissafi. A Malawi ma an gwada manhajar onebillion a makarantun firamare an ga ci gaba. Amma a duba sharuɗɗan. Yaran sun kai shekarun makaranta. Da harshen da suke ji aka yi darussan, Swahili a Tanzaniya, Chichewa a Malawi. Masana koyarwa ne suka tsara su mataki-mataki, babu talla, kuma an auna sakamakon. Wannan daban, miƙa wa ɗan shekara biyu wayar da aka cika a kasuwa daban. Kada a fake da na farko a halatta na biyu.

Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 a bayyane take. Jariri da ɗan shekara ɗaya, kada a zaunar da su gaban waya ko talabijin. Daga shekara biyu zuwa huɗu, kada ya wuce awa ɗaya a yini, in an rage ya fi. Ta kuma ce yaro daga shekara ɗaya zuwa huɗu yana buƙatar aƙalla awa uku na motsa jiki kullum. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ware gaisawa ta bidiyo da ɗan'uwa na nesa, domin a nan mutum ne yake amsa wa yaron. A 2024 hukumar lafiyar al'umma ta Suwidin, ƙasar da intanet ya wadata a kowane gida, ta shawarci iyaye kada 'yan ƙasa da shekara biyu su yi kallo sam. Shi kansa Steve Jobs, wanda a lokacin shi ne shugaban kamfanin da ya fito da iPad, da wani ɗan jarida ya tambaye shi a 2010 ko 'ya'yansa suna son na'urar, ya ce ba su yi amfani da ita ba, domin ana taƙaita musu irin waɗannan abubuwa a gida.

Ba zan ɗora wa iyaye mata laifin nan su kaɗai ba. Matar da take girki da wanki da goyo, wataƙila ga sana'a ko aikin ofis, a gidan haya da babu kaka babu gwaggo babu tsakar gidan da yara za su yi wasa, in ta miƙa waya don ta samu ta sauke tukunya, gajiya ce ta sa. Maigida, kai fa? Kai ka sayo wayar, kai kake sa data, kai ne kuma kake dawowa bayan isha ka kishingiɗa kana latsa taka wayar, yaron yana jan rigarka kana cewa "je wurin Ummanka". Amanar nan a wuyanka take kamar yadda take a wuyanta, kuma za a tambaye ka. Ɗauke shi ku je masallaci, ku je shago, ka nuna masa akuya da tela da mai faci, ka amsa tambayoyinsa ko sun kai ɗari. Masu makarantun nazire da suke kunna wa yara katun rabin yini suna karɓar kuɗin makaranta, ko suke tallata cewa kowane ɗan shekara uku yana da kwamfutar hannu, su ji tsoron Allah. Iyaye kuma su riƙa shiga aji ba tare da sanarwa ba su ga abin da ake yi.

Wanda ɗansa ya riga ya saba, kada ya ce lokaci ya ƙure, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda bai kai shekara biyu ba a janye masa gaba ɗaya. Zai yi kuka na kwanaki, a daure, a ba shi gwangwanaye da murafai da cokali da ƙasa mai tsabta, a bar shi cikin 'yan'uwansa. Wanda ya haura biyu a yanka masa lokaci, a zauna tare da shi a riƙa tambayarsa abin da ya gani, a goge duk wasan da ke da talla. Ban da waya a wurin cin abinci, ban da ita kafin barci, ban da ita lokacin rigima. Duk mutanen gidan su san dokar, har da yayye da 'yar aiki da kawun da yake zuwa ya miƙa tasa don a ce yana son yara.

In kuma yaro ya kai shekara biyu ba ya haɗa kalmomi biyu, ko ana kiran sunansa ba ya waiwayowa, ko ba ya nuna abu da yatsa don a gani, kada a ce "ai ubansa ma bai yi magana da wuri ba", kada kuma a ƙara masa wasannin koyon magana. A ɗauke wayar, a kai shi wurin likitan yara a duba shi, a gwada jinsa tun da wuri.